Likkafanin Inna a Sanyin Makka

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A rumfar ɗinki, a ƙofar masallaci, har a wurin zaman makoki sai wani ya matso ya ce, "Alhaji, yaya zafin Makka?" In na ce masa ni sanyinta ne ya tsaya mini a rai, sai ya bushe da dariya, wai na koyo zolaya a hanya. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu ina riƙe da allura. Ga shi nan gaba ɗayansa, wanda zai yarda ya yarda.

Da farko dai ku sani rakiya na yi. Mahaifiyarmu, Inna, ita ta tashi da maganar bayan rasuwar Baba. Ta ce ta aurar, ta goyi jikoki, abin da ya rage mata shi ne ta je ta zauna kusa da Ɗakin Allah har ranar da za a kira ta. Akwai kuma dalili na biyu da ba ta cika faɗa a gaban malamai ba, wato gwiwoyinta. Duk shekara in sanyi ya shigo sai an ɗaga ta an zaunar. Wani alhaji a unguwarmu ya taɓa rantse mata cewa a Makka ba a san sanyi ba, tsofaffi can da ƙafarsu suke zuwa masallaci har ƙarshen ransu. Tun daga ranar babu wanda ya iya juya ta.

Ni ne auta, don haka babu kunya tsakanina da ita, ta faɗa mini in mayar mata. Ni aka ɗora wa rakiyar. Ranar tafiya yayata Hassu ta ja ni zaure ta riƙe mini hannun riga.

"Ka kai ta ta sauke farali, ka dawo mana da ita," in ji ta. "In ka baro ta cikin baƙi, ranar da ta cika wa zai tsaya a kanta?"

Na ce ta kwantar da hankalinta. A raina na riga na gama shiri: in bar Inna ta ɗanɗani zaman baƙunta, kewar jikoki ta kama ta, da kanta za ta nemi hanyar gida.

Mun tashi a ƙarshen sanyi, 'yan shekaru bayan yaƙin Turawa ya lafa. Kayan Inna kaɗai sun isa jaki: adudu, gwado biyu, bargon gashi mai nauyi, kaskon wuta, ga ƙullin kuka da daddawa da kanwa. Daga Kano zuwa Maiduguri babu abin faɗa sai ciwon baya. Daga garin Lami, a ƙasar da Faransa ke mulka, hanya ta fara nuna halinta. Motar kaya ce, mu muna can sama bisa buhuna. Direban wani Balaraben Shuwa ne da bai san komai a Hausa ba sai "a sauka" da "a tura". In mota ta kafe a yashi, maza su diro, a shimfiɗa ƙarafa a gaban taya, a tura. Inna ba ta taɓa sauka ba. Tana zaune cikin bargonta tana raba aiki: "Kai mai jar hula, ba turawa kake ba, jingina ka yi!" Kafin mu kai Abashe kowa a motar Inna yake ce mata, har direban.

A kan iyakar yankin mulkin Faransa da Sudan aka sauke mu duka, har da ita. Aka duba takardu, aka yi mana lamba a dantse. Ma'aikacin ya tambayi shekarunta ta bakin tafinta. Ta ce yaya za a yi ta sani, ai jaririya ce lokacin da aka fara ƙirgawa. Ya dube ta sama da ƙasa, ya rubuta abin da ya ga dama.

Sudan ta ba ni mamaki ta fuska biyu. Na farko abincinsu, kisra, wata aba mai tsami kamar wainar da aka yi wa rowar ƙullu, har kana hango yatsunka ta cikinta. Inna ta ce wannan ba ci ba ne, lallashin ciki ne, amma kafin mu bar ƙasar ta iya yin ta fiye da masu ita. Na biyu mutanenmu. Kowane zango muka sauka sai mun tarar da Hausawa da gonakinsu da jikokinsu. Wani tun yana saurayi ya baro Katsina da niyyar hajji, yanzu gemunsa fari fat, amma in ka tambaye shi sai ya ce, "Ai muna hanya." Kuma da gaske yake faɗa.

A wannan ƙasa kayan sanyin Inna suka fara zubewa. A Fashir wata mata ta haihu a zango ba ta da abin naɗe jariri, gwado ɗaya ya tafi. Kaskon wuta ya fashe a jirgin ƙasa, wani ya zauna a kansa. A Madani muka yi damina, ina ɗinki ina ƙara guzuri, zafi kuwa kamar a bakin murhu. Da za mu tashi ta bar wa matar mai masaukinmu gwado na biyu. Saura bargo.

A Sawakin, bakin teku, aka killace mu cikin waya, aka kwashe tufafinmu aka turara su a wata babbar tukunyar ƙarfe, wai don kashe cuta. A nan muka haɗu da wani dattijo mutumin Haɗeja, ya shekara biyu a Makka yana komawa gida. Ya ga bargon Inna a shanye, ya kama haɓa.

"Hajiya, ina za ki da wannan? Can ko a tsakiyar hunturu bisa soro muke kwana. Dako kawai za ki yi."

Inna ta dube ni da idon nan na "ka ji ko?" Ta naɗe bargon ta miƙa masa, ta ce shi da zai koma ƙasar sanyi ya fi ta bukata. Ni ma ban hana ba, don ni nake ɗaukarsa.

Jirgin ruwa kam kada ku tambaye ni, ban ga komai ba sai cikin bokiti. Aikin hajji kuma malamai sun fi ni iya bayaninsa. Abin da zan ce kawai, mutumin Haɗeja bai yi ƙarya ba a kan zafi. Dutse kansa huci yake yi. A Muzdalifa Inna ta ɓatar da takalmanta wajen tsintar tsakuwa, washegari sai da na ba ta nawa, ni na riƙa tsalle kamar wanda ya taka garwashi.

Da alhazai suka fara watsewa muka sami ɗaki a Misfala, kudu da Harami, a gidan wata mata da ake kira Sitti Rabi. Kakanta ne ya zo daga Kano, ita a nan aka haife ta. Hausarta rabi da rabi ce, ta fara da namu ta ƙare da Larabci. Tana kiran Inna Hala, wato gwaggo ko inna a bakinsu, ni kuma "ya waladi", wato ɗana, ko da yake ba ta girme ni da yawa ba. Ɗakinta ne kaɗai na dutse. Sauran an yi su da gwangwanin kananzir da aka buɗe aka daddale, da katako da tsummoki, an bar ƙofofin iska ta ko'ina da gangan. Masu haya kuwa duk irin Inna ne, tsofaffin da suka zo ƙarasa kwanansu: mata daga Zariya da Damagaram da Barno, da wani tsoho mai barkwanci, Malam Bawa, mutumin Sakkwato.

Na sha kallo a garin nan. Mu a gida katanga muke yi mai kauri da 'yar taga kamar ramin ɓera, su kuwa benaye suke yi, gabansu duk katako mai huda-huda don iska ta ratsa. Magidanci da rawaninsa shi ke zuwa kasuwa ya ɗauko kwandon cefane. Shayi a wani ɗan kofi suke ba ka wanda bai kai maƙogwaro ba ya ƙare. Da safe wake ne dafaffe da mai, da wata faffaɗar gurasa mai zafi. Ruwa saye ake yi, 'yan ga-ruwa ke kawowa, yawancinsu mutanenmu. Abin da ya fi ɓata wa Inna rai shi ne yara ba sa durƙusawa in za su gaishe ta, sai dai su sumbaci goshinta. Ta ce ita ba jaririya ba ce.

Amma fa gwiwoyi sun saki. Matar da ake ɗagawa a gida, ga ta tana tafiya Harami da ƙafarta kowace salla, har tana ce mini in ɗaga ƙafa. Kewar jikokin da nake jira shiru. Na yi ta jan kwanaki, ina cewa ina ɗinki ne in cika kuɗin mota, alhali jira nake ta karaya. Jiragen da ke mayar da alhazai Sawakin suna ta raguwa, har aka fara maganar na ƙarshe.

Akwai wata al'ada da muka gani a Harami. Alhazan ƙasar Hindu da na Jawa sukan zo da dogon farin yadi, su tsoma shi a ruwan Zamzam, su shimfiɗa bisa tsakuwar filin masallaci. Kafin ka gama ɗawafi ya bushe. Na tambaya aka ce likkafaninsu ne, za su koma da shi gida su ajiye. Tsofaffin gidanmu ma duk sun yi, kowa da nasa a ƙarƙashin matashi. Ashe Inna ta zo da nata a can ƙasan adudu, ban taɓa sani ba. Ba alawayyon kanti ba ne irin na sauran. Audugar gonarmu ce, ita ta kaɗa zaren da hannunta shekara da shekaru, ta kai wa masaƙi a ɓoye. Fari ne mai kauri, in ka ɗaga shi sai ka ji shi a kafaɗa.

Wata ranar Alhamis ta ce in ɗauka mu je. Muka tsoma, muka shimfiɗa, muka zauna jira. La'asar ta yi bai bushe ba. Sai na lura rana ta ɓace, gajimare ya rufe duwatsu, wata iska ta taso daga arewa. Aka ɗan yi yayyafi. Muka naɗe shi da danshinsa muka koma gida, na shanya a igiya a bayan ɗaki.

Washegari da asuba na taɓa ruwan buta na janye hannu da sauri. Na ɗauka mafarki nake. Na fito tsakar gida na tarar da Sitti Rabi ta rufa da labulen ƙofarta, haƙoranta suna haɗuwa.

"Ya waladi, mene ne haza? Wallahil azim tun da aka haife ni ban ga bardi irin wannan ba!"

Bardi shi ne sanyi a bakinsu. Ku da kuke dariya, ku saurara. Ba wai ya fi sanyin da muka sani a nan ba ne. Amma mu muna ganinsa tafe, mu tara kara da itace, mu toshe taga, tsofaffi su hau gadon ƙasa a hura musu wuta a ƙarƙashi. Can kuwa gari ne da aka gina shi don a kama iska. Duk hudar da aka bari don jin daɗi ta zama ƙofar azaba. Dutsen wurin ɗawafi da ke ƙona ƙafa ya koma yana cizo. Na ga attajiri ya sa riga uku, ya naɗe kai da wuya har ido kawai ake gani, ƙafa kuwa ba ko safa. Masu kantuna ba sa buɗewa sai rana ta ɗaga. Kowa ka gamu da shi maganar ɗaya ce, "Bardi, bardi," suna faɗa suna dariya kamar yaran da suka ga raƙumi karon farko.

A gidanmu dariyar ba ta daɗe ba. Tsofaffin nan babu mai bargo ko ɗaya. Kowa ka tambaya labarin ɗaya ne da na Inna: wannan ta bayar a Lami, wancan ya sayar a Sawakin, duk bisa shawarar wani alhaji mai rantsuwa. Na zaga kasuwa neman abin rufa. Lema da mafici kam ga su nan jibge. Bargo kuwa 'yan kaɗan da ake da su tun ranar farko aka wawashe. Wani mai kanti ya ce mini "ma fi", wato babu, shi kansa yana naɗe cikin dardumar da yake sayarwa. Gawayi sai an yi layi, abin da za ka samu bai wuce na dafa shayi ba. Da na kunna ɗan nawa a ɗaki na ja ƙofa, Sitti Rabi ta banko ta da faɗa, ta ce hayaƙinsa kisa yake yi ba a ji ba.

Na ce bari in gina wa Inna gadon ƙasa. Na haƙo ƙasar bayan gida na kwaɓa, ashe yashi ne da tsakuwa, ba ya kama jikinsa. Na wuni ina fama, da na sa wuta sai ya zube gaba ɗaya. Inna tana kwance tana kallona ta ce, "Auta, kai tela ne." Na ji maganar, na samo buhunan algarara na haɗa su na ɗinke. Warin albasa suke yi, iska kuma tana ratsa su yadda take so. Gwiwoyinta suka sake ƙullewa. Tari ya biyo baya.

Ana cikin haka wata safiya, da hantsi ya ɗan leƙo, sai ga Malam Bawa ya fito daga ɗakinsa fari fat tun daga kai har ƙafa, ya nemi gindin bango ya zauna. Sitti Rabi ta saki kwano.

"A'uzu billahi! Ya ammi, haram alaik! Kafan ɗinka ne fa!"

"To mi?" in ji shi. "Ƙyalle na, ɗiyata. Sai ran da nim mutu shi ka zama likkahwani. In bar shi ƙarƙashin matashi shina jin ɗumi, ni sanyi shi kashe ni? In ya yi dauɗa a wanke, Zamzam ba ta ƙarewa."

Aka yi ta musu. Matar Zariya ta ce kiran mutuwa ne. Ta Damagaram ta ce mutuwar da muka zo nema tun daga gida, wane kira kuma ya rage? Aka aika wurin wani malami a unguwar, ya ce shi bai san inda aka hana ba. Kafin azahar mutum uku sun fito da nasu. Kwana biyu bayan haka duk gidan ya yi fari. Ku kwatanta da kanku: tsofaffi jere a gindin bango, kowa cikin likkafaninsa, suna shan hantsi suna kurɓar kunu. Ɗan ga-ruwanmu, ƙato da shi, ya shigo da sallama, ya ɗaga kai, ya yar da garwa biyu ya zura a guje. Sai da Malam Bawa ya bi shi har titi yana kira, abin da ya ƙara tsorata mutumin.

Inna kaɗai ta ƙi. Nata ya riga ya bushe, na ninke na mayar adudu, kuma duk gidan babu mai kaurinsa. Na roƙe ta, ta ce ba za ta je gaban Ubangiji da tufa mai dauɗar kunu ba. Na ce a wanke. Ta ce ba a sa shi sau biyu. Sitti Rabi ta sa baki, Inna ta sa ta rantse ba za ta taɓa adudun ba. Da yamma muna mu biyu na sake tayar da maganar, har na ɗaga murya. Sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Tsoronsa nake ji, Auta. Tun ranar da masaƙi ya kawo shi ban taɓa buɗe shi ni kaɗai ba."

Na dube ta. Matar da ta ratsa ƙasa uku a kan buhu tana yi wa maza tsawa, wadda ta ce wa kowa mutuwa ta zo jira. Tausayinta ya kama ni, amma ban bar damar ta wuce ba. Na ce mata a gida akwai gadonta, akwai kara, akwai Hassu da jikoki, ga jirgi na ƙarshe ya kusa tashi. Ta daɗe tana tari. Daga baya ta ce, "In na kai ranar, mu tafi." Na yi murna ƙwarai. Abin da ya rage mini daɗi kawai, muryar da ta faɗa da ita ba irin tata ba ce.

Safiyar da ta fi kowace sanyi, na dawo daga sallar asuba na tarar da Sitti Rabi a ɗakinmu tana murza wa Inna ƙafa da man zaitun. Jikin Inna duk yana karkarwa, har gadon yana motsi. Leɓunanta sun canza. Na kira ta, ta dube ni ta kira sunan Baba. Na tuɓe rigata na ɗora mata bisa buhunan, ban ga ta san an yi ba.

"Jib al-kafan, ya waladi," in ji Sitti Rabi. "Ɗauko shi. Ni na rantse, kai ba ka rantse ba."

Na buɗe adudun. Wallahi ban taɓa ɗaukar abu mai nauyinsa ba. Na yaye buhunan, na warware shi, na fara daga ƙafa. Na naɗe ta, na sake naɗewa, na tura gefen ƙarƙashin bayanta, na ja shi har wuya, na rufe kan na bar fuska. Hawaye yana zuba a kan farin, ina gogewa da sauri kada ya yi tabo. Da na gama na ja da baya na dube ta. Na zauna a ƙasa na riƙe ƙafarta ta cikin ƙyallen.

A hankali karkarwar ta ragu. Da hantsi gumi ya tsattsafo mata a goshi. Ta yi barci irin wanda ba ta yi ba tun shigowar sanyin, ni kuwa ina zaune ina kallon ƙyallen yana ɗagawa yana sauka. Sai bayan azahar ta buɗe ido. Ta dubi jikinta. Na jira faɗa. Ta fito da hannu ɗaya ta shafa saƙar, tana bin zaren da yatsa kamar mai neman inda ta yi kuskure.

"Wa ya sa mini?"

"Ni ne, Inna."

Ta ci gaba da shafa saƙar. Sannan ta ce, "Ashe da ɗumi." Ta ƙara da cewa a dama mata kunun kanwa, a sa citta da yawa, kada Rabi ta dama don ba ta iya ba.

Bayan kwana kaɗan ita ma tana cikin layin gindin bango, nata ya fi na kowa haske, Malam Bawa yana tsokanarta wai ta zo da na sarauta. Sanyin kuma yadda ya zo babu sallama haka ya tafi. Wata safiya muka tashi iska ta kwanta, kafin azahar mutane sun koma neman inuwa. Aka wanke fararen, aka sake kai su Zamzam, wannan karon kafin mu gama ɗawafi sun bushe.

Na dawo da labarin mota, na ce wa Inna jibi za mu sauka Jidda, ta fara haɗa kaya. Tana zaune tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Ka haɗa naka."

"Inna, ke kika ce in kin kai ranar."

"Na faɗa. Lokacin tsoro ne ya yi magana. Ba sanyin ne ya kore ni ba, Auta, abin da ke cikin adudu ne. Yanzu na kwana a cikinsa na tashi. Me zan je in yi a gida, in sake jiran wani sanyin?"

Na yi faɗa, na yi roƙo, na kawo sunan jikoki ɗaya bayan ɗaya. Na ce da na sani da na bar ta cikin buhun albasa. Ta yi dariya har tari ya taso. Sitti Rabi ta ce in tafi da kwanciyar rai, Hala ta zama uwarta, kuma kafin baɗi za ta sayi barguna ko da za a yi mata dariya a unguwa. Malam Bawa ya ce shi zai riƙa raka ta Harami, in dai za ta rage sauri.

Ranar tafiya ta rako ni da ƙafarta har Jarwal, inda motocin Jidda suke tsayawa. Ta ba ni dabino da ruwan Zamzam na kai wa yara, ta lissafa wanda za a ba da wanda za a ja wa kunne. Direba ya fara kira. Na durƙusa a gabanta cikin mutane, Larabawa suna kallo, abin da ke cina tun daga zauren gidanmu ya fito.

"Inna, ranar da abin ya zo, babu ɗayanmu a kusa. Me zan ce wa Hassu?"

Ta dafa kaina.

"Ka ce mata an riga an yi. Wane ɗa namiji ka taɓa ji ya sa wa uwarsa likkafani? Mata ke yi, shi yana waje yana jira. Kai ka sa mini da hannunka, ka gyara mini wuya, ka zauna a ƙafata. Ina ji, ban dai iya magana ba. Abin da ya rage aikin mutanen unguwa ne, kuma sun iya. Tashi, kada motar ta bar ka."

Na tashi na hau. Da motar ta juya na waiwaya, ba ta tsaya kallona ba. Ta riga ta kama hanyar Harami, don an kusa kiran azahar.